Miyauna a Mayafin Goggo Habsatu

Assalamu alaikum 'yan uwana masu bin labarina. Yau ba doguwar gaisuwa, raina a ɓace yake, kuma wadda ta san dariya za ta yi mini gara ta kife wayarta tun yanzu.

Ga wadda yau ta fara shigowa, sunana Fadila, tela ce ni a nan Dogon Dutsi, kekena yana ƙarƙashin rumfar tsakar gidanmu. Shekara biyu ke nan muna tare da Abdurrazak, yayan ƙawata Hanifa, ma'aikacin lafiyar dabbobi. Iyayensa makiyaya ne a Sukukutane. An yi tambaya, an kai gaisuwa, abin da ya rage baffanninsa su zo ranar Asabar a sa rana. To wannan Asabar ɗin ce ta nemi kuɓuce mini. Ba a kama ni da wani ba, ban zagi uwar kowa ba. A kan miyau ne. E, miyau, na bakina.

Bari in faɗa muku abin da ko Hanifa ban taɓa faɗa wa ba. Tun ina ƙarama nake dalala in barci ya yi nauyi. Ba kullum ba, amma ranar da na gaji sai na tashi na iske matashina a jiƙe, kumatuna da farin layi. Shi ya sa rigar matashi uku gare ni, kuma ni kaɗai nake wanke abina. Kakata, Allah ya jiƙanta, in ta gani dariya take yi ta goge mini da bakin zanenta. Inna kuwa, mahaifiyata, tun da aka fara maganar aure ta sa ni gaba.

"Ke dai wata rana sai kin kunyata mu a gidan mutane."

Ashe bakinta zai kama ni.

Hanifa ta haihu ranar Laraba a gidansu, can Sukukutane. Kwana biyu na yi a kan keke ina haɗa wa jaririn kaya, 'yan riguna shida da hula da zanen goyo mai aiki a baki. Juma'a da safe na sa atamfata shuɗiya mai zanen ganye, riga da siket, na zumbula hijabi ruwan toka, na nufi tasha don in je barka. Motar mai cin mutum goma sha tara ce, aka danna mu ashirin da biyar, ban da awakin da ke sama. Kusa da ni wata dattijuwa ce, fara, doguwa, mai siririn hanci, ta yafa farin mayafi sabo dal mai aikin zare ruwan zinari. Na gaishe ta, ta amsa da hanci.

Muna barin kwalta muka faɗa yashi, mota ta fara lilo da mu. Ga zafi, ga gajiya. Na ce bari in ɗan lumshe ido.

"Subhanallahi! Ke! Ke yarinya!"

Daidai nan motar ta daki rami, na zabura a firgice, jikina har rawa yake. Kaina a kan kafaɗar matar nan yake, jama'a. Farin mayafin ya jiƙe wuri guda kamar faɗin tafin hannu, ga wani zaren miyau daga bakina har zuwa aikin zinarin. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, wallahi da gudu zan shige.

"Don Allah Inna ki yi haƙuri, barci ne ya sace ni."

Na ciro hankici zan goge mata, ta ja jiki har tana hawa kan na gefenta.

"Kar ki taɓa ni! Mi ke gare ki?"

"Ba komai, gajiya ce."

"Gajiya ka sa mutum kakkahewa da kumfa ga baki?"

Wace kumfa? Wace kakkafewa? Ta yaye mayafin da yatsa biyu ta cusa a leda, ta sayi ruwan leda a wani ƙauye ta wanke kafaɗarta har sau uku. Na ce a raina, in mun sauka ai shi ke nan, kowa ya kama gabansa.

Muka sauka tare. Na bi hanya, ta bi. Na karya kwana wajen rijiya, ta karya. Na yi sallama a gidan su Hanifa, sai na ji tata sallamar a bayana. Hanifa ta leƙo daga ɗaki da fara'arta.

"Lale da Goggo Habsatu! Au, tare kuke? Goggo, ai wannan ce Fadilar Yaya!"

Ƙanwar mahaifin Abdurrazak ce, wadda ba a yanke komai a gidan sai da ita. Ta kalle ni tun daga ɗankwali har takalmi.

"Ita ce wagga? Uwarta mutuniyar ina ce?"

Hanifa, baiwar Allah, ba ta san dawan garin ba. "Asalinsu Lugu ne, Goggo."

"Lugu," in ji ta. "To."

Duk ɗan yankinmu na Arewa, nan ƙasar Dogon Dutsi, ya san abin da wasu ke ji in an ce Lugu, bori da iskoki. Kakata haifaffiyar can ce, ban taɓa ɓoyewa ba, kuma da carbi a hannu ta cika. Amma wannan "to" ɗin na Goggo, tun a nan na san ta gama haɗa lissafinta.

Asabar da hantsi ina kan keke saƙon murya ya shigo daga Hanifa, tana magana ƙasa-ƙasa. Wai Goggo ta tara Dada, mahaifiyarsu, da baffanninsu, ta ce da idonta ta ga farfaɗiya ta buge ni a mota. Wai aljana doguwa ce ta gado, daga wajen uwa. Wai miyaun mai farfaɗiya in ya taɓa mutum ya ɗauka, don haka ta sa an binne mayafin a bayan garke. Sabon mayafi, 'yan uwa! Ta ce ba za a kawo musu wannan cikin zuri'a tana raye ba.

Ban gama saurare ba na Abdurrazak ya shigo.

"Bonjour ma chérie. Ki yi haƙuri, maganar Asabar mai zuwa an ɗan ɗaga."

"Zuwa yaushe?"

"Sai an gani."

"Kai ka yarda ina da farfaɗiya?"

Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake, ya tsaya. Na ƙura wa wayar ido har allura ta soke ni a yatsa.

"Ni ban ce ba."

Ku duba mini amsar nan don Allah. Ban ce ba. Mutumin da ya yi karatu har Yamai, wanda ke zuwa rugage yana yi wa makiyaya bayanin allurar shanu, shi ne ya kasa rubuta "a'a", harafi nawa ne a ciki?

Da na faɗa wa Inna sai ta saki muciya a tukunya.

"Na shiga uku! Sau nawa na ce ki bar barci cikin mota? Duk kafaɗun da ke duniya ba ki samu ba sai ta dangin miji?"

"Inna, na san ita ce?"

"Rufe mini baki, bakin da ba ya ruhuwa ko da barci!"

Daga nan aka shiga yi mini magani. Dama tun da aka kai gaisuwa Inna take turara ɗakina safe da yamma da turaren wuta, wai gyaran amarya, ƙamshi ya kama jiki tun da wuri. Yanzu sai ta ƙaro wani hayaƙi daga wajen mai magani a kasuwa, saiwoyi da ɓawon itace masu yaji, wai ko da iska ce ta raɓe ni. Lahadi bayan azahar ta kunna kasko biyu, ta rufe taga, ta toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Ta ɗauko ɗankwali ta ɗaure mini haɓa zuwa tsakar kai.

"Kwanta ki yi ƙailula in gani."

Na kwanta ina tari, idona na ruwa, hancina ya toshe kamar an danna auduga. Da na farka ɗankwalin ya zame zuwa wuya, matashin kuwa ban taɓa jiƙa shi irin na ranar ba, har katifa. Inna tana tsaye a kaina. Ta dubi matashin, ta dube ni, sai ta zauna a bakin gado ta dafe kai.

"Fadila, ko dai gaskiyar matar nan ce?"

Wannan ta fi ta Goggo yi mini ciwo. Matar da ta goye ni, ta san barcina tun ina tsumma, yau ita ke tambaya. Na shiga makewayi na yi kukana na ƙoshi, na wanke fuska na fito na ci gaba da ɗinkin mutane.

Litinin da sassafe ban yi shawara da kowa ba na tafi asibitin unguwarmu. Majon wurin, wato shugabar ma'aikatan jinya, Madam Ummu, ni nake mata ɗinki. Sai da na rufe ƙofa sannan na iya faɗa mata, kaina a ƙasa. Ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata. Ta tambaye ni ko na taɓa faɗuwa, ko na taɓa tashi na ga na ciji harshe, ko wani ya taɓa ganin jikina na fizga ban sani ba. Na ce ko sau ɗaya. Ta haska hancina da 'yar fitila.

"Kai! Da me kike numfashi, ke? Ciki duk ya kumbura. Hayaƙi kike sha?"

Na ba ta labarin kasko biyu da ɗankwali. A nan kam ta dara har da riƙe ciki.

"Saurara, Fadila. Bakin kowa yana yin miyau dare da rana. In kina farke kina haɗiyewa ba ki ma sani ba. In barci ya yi nauyi, naman fuska ya saki, haɗiyar ta ragu. To in a gefe kike kwance, ko kanki ya langaɓe a mota, kuma baki a buɗe, ina zai bi? Ƙasa zai bi, ruwa ne. Ke kuma hancinki a toshe yake, ga ƙurar yadi ga turare, dole ki buɗe baki ki sha iska. Innarki tana neman kashe wuta tana zuba mata mai."

"To farfaɗiyar fa?"

"Ban ga alamarta gare ki ba. Kuma ki ji da kyau, ko mai ita da gaske, miyaunsa ba ya sa wa kowa. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, yana da magani. Mutane ne kawai ke wulaƙanta bayin Allah, a ware musu kwano a ware musu moɗa."

Ta ce in riƙa wanke hanci da ruwan gishiri, in buɗe taga, a fitar da kasko, in gwada kwanciya rigingine. Na roƙe ta ta maimaita bayanin na ɗauka a waya, na tura wa Abdurrazak tun ban bar asibitin ba. Wannan karon amsa ba ta daɗe ba.

"Ai na san duk wannan, chérie, ni ma na yi karatu. Goggo ce kawai da rigima. Ki zo suna jibi, a gaban kowa zan nuna musu matsayinki."

Na karanta ya fi sau goma. Kun san mu mata, kalma ɗaya mai daɗi sai mu manta guda goma marasa daɗi.

Inna da ta ji muryar majo ta fitar da kaskon tana ƙunƙuni, wai su likita komai sun sani. Amma ita ta fi ni matsawa in je sunan.

"In ba ki tahi ba cewa za su yi kin faɗi. Kuma ga goro, ki yi ta tauna. Kika rufe ido cikin motar nan ban yafe ba."

Laraba na sa leshina ruwan hoda, wanda na yi wa kaina aikin duwatsu a wuya, na ɗaura ɗankwali na yafa mayafi mahaɗi. Muna tasha na duba waya na ga ya sa hoto a status, yana zaune a bakin garken babansa da kofin shayi da burodi, ya rubuta "Ranar farin ciki". Na yi murmushi ni kaɗai. Har Sukukutane a miƙe nake kamar an dasa ni, ina tauna goro mai ɗaci, ni da ko ƙamshinsa ba na so.

Gidan ya cika da mata. An kafa rumfa a tsakar gida, ga randa babba a gindin bishiya da moɗa a kan murfinta, kowa ta zo ta ɗiba ta sha ta mayar. Na gaida Dada, tana zaune a ƙofar ɗakinta, 'yar tsohuwa siririya da baƙin zane. A shekara biyun nan ban ji kalma ashirin daga bakinta ba, kuma irin matan nan ne masu kunya da ko ruwa ba sa sha a gaban baƙi. Ta amsa a hankali tana kallon ƙasa.

Ban kai ga zama ba Goggo Habsatu ta taso.

"Ga taki tabarmar can."

Can gefe, ita kaɗai. Ta dawo da kwanon shinkafa nawa ni kaɗai, sannan ta ajiye mini wata moɗa sabuwa, an ɗaura mata jan zare a hannu.

"Wagga ita ce taki. In kin sha ki aje ta nan kusa gare ki, kar ta gamu da ta mutane."

A gaban mata sun fi arba'in ta faɗa. Wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka fara zunɗe. Na ce a miƙo mini jaririn in gani, aka ce barci yake. Ina hango shi a cinyar wata, sanye da rigar da na ɗinka da hannuna, yana ta dalala a kan aikin wuyan, ana cewa tubarkalla. Hanifa ta kalle ni daga ƙofar ɗaki idonta ya kawo ruwa, amma mai jego ce, me za ta yi?

Na so in tashi in tafi, wallahi na so. Sai na tuna saƙonsa na zauna. Ƙishi ya dame ni saboda goron nan, aka zuba mini ruwa daga nesa kamar mai ba kaza, na sha rabi na riƙe sauran.

Wajen la'asar sai ga Abdurrazak ya shigo gaida mata, cikin farar shadda, gumi ya jiƙa masa baya don tun safe suke fama da rabon nama. Ya gaisa sama-sama, ya nufi randa kai tsaye, har ya ɗora hannu a kan murfi.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na san ba a yi, budurwa ta tari saurayi a gaban uwarsa. Amma shi ya ce a gaban kowa. Na taka har gindin bishiyar, na risina, na miƙa masa moɗata da hannu biyu.

"Ga ruwa."

Har mai daka ta tsaya da taɓarya a sama. Ya dubi moɗar. Ya dubi jan zaren. Ya dubi Goggo, ya dawo ya dubi bakin moɗar, daidai inda na sa nawa bakin. Hannunsa ya ɗago kaɗan, ya koma.

"Af," ya ce, yana 'yar dariya. "Na manta, azumi nake."

Ranar Laraba. Ranar sunan ɗan ƙanwarsa. Mutumin da na ga shayinsa da burodinsa da safe.

Ina durƙushe, hannuna a miƙe. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na wannan lokacin ba, ko a motar nan. Goggo ta gyara tsayuwa ta ce "Uhum."

"Miƙo nan, ɗiyata."

Sai da na waiga don ban gane muryar ba. Dada ce. Ta taso daga ƙofar ɗakinta tana takawa a hankali, ta karɓi moɗar daga hannuna. A tsaye, a gaban baƙi da surukai, ta kafa kai ta shanye tas, ta goge baki da bayan hannu. Ba ta kalli ɗanta ba, ba ta kuma kama sunansa ba, ɗan fari ne.

"Wanga da kuka gani, shekara ukku yana jiƙa mini baya da miyau. Ban binne zane ko guda ba." Ta juya wajen Goggo. "Habsatu, a gaya ma maza, Asabar tana nan."

Wata ta rangaɗa guɗa. Hanifa ta fito da gudu ta ɗora mini jaririn a hannu tana kuka tana dariya. Goggo ta shige ɗaki ta saki labule. Shi kuwa gogan, ban ga fitarsa ba. Da zan tafi na ɗauki moɗar da zarenta na sa a jaka, ba wanda ya hana ni.

Kafin mu hau kwalta saƙo goma sha ɗaya ya turo.

"Kin gani ko? Ba na ce miki za a gyara ba?"

"Ki gane, Goggo ce ta riƙe ni ina ƙarami, ba zan iya kunyata ta ba."

"Chérie, ki yi magana mana."

Guda ɗaya na mayar: "Allah ya karɓi azumi."

A gida Inna har rawa ta taka, ta ce a fara jiƙa gero. Kowa murna yake, ban da ni. Na samu Asabar ɗina, ban musa ba. Amma tsohuwa ce ta sha ruwan nan, kuma ba ita zan aura ba. Wanda zan kwana ɗaki ɗaya da shi, wanda zai riƙa ganin matashina kowace safiya, ya san gaskiya sarai, ya ji bayanin majo da kunnensa, kuma ya bar ni a durƙushe.

Yau Alhamis da safe ina share rumfa Baba ya kira ni. Yana zaune a kan buzunsa da rediyo a gefe.

"Fadila, mutanen Sukukutane sun aiko, jibi suna tafe. Innarki ta ce komi ya wuce. Ni daga bakinki nike son ji. In karɓe su?"

Inna tana bayansa tana zare mini ido. Na dubi kan kekena, inda na ajiye moɗar tun jiya, jan zaren yana lilo.

"Baba, kafin su zo, a ce masa ya zo shi kaɗai gobe Juma'a, bayan an sauko daga masallaci."

"Lafiya?"

"Lafiya lau, Baba. Akwai ruwan da bai sha ba."